Nasiha A Kan Tattalin Inuwa Da Wuta Da Ruwa A Cikin Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam rana da iska da ruwa da itace, ya danƙa masa su amana, zai kuma tambaye shi yadda ya yi da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'ya'yana maza da mata, musamman waɗanda suka soma tara kuɗin fili, da waɗanda suka kama hayar ciki da falo suna jiran ranar tarewa, ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku kaɗan, gama ina so in yi muku magana a kan wani ilmi da ba a karantar da mu shi a makaranta ba, ni ma kuwa ban same shi ba sai da na biya kuɗin karatunsa daga aljihuna, shekara da shekaru.

A gidan ƙasa aka haife ni, cikin birni, gida mai zaure biyu da soro uku, wanda kakana ya gina da tubali, aka rufe shi da azarar giginya, aka shafe shi da makuba. Kaurin bangonsa daga ƙasa ya kai kamu biyu, tagoginsa kuwa 'yan ƙanana ne can sama kusa da rufi, a ƙofar gida ga wani durumi wanda duk unguwa babu mai iya faɗin wanda ya dasa shi. Idan bazara ta tsananta, sa'ad da yashin hanya ke ƙona tafin ƙafa, mukan dawo daga makarantar allo da azahar mu faɗa cikin soron nan, sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Idan kuma hunturu ya sauko, mutane na takure a gindin wuta, soron nan dai shi ne ke riƙe mana ɗumi har asuba. Ba mu taɓa tambayar dalilin haka ba, domin abin da yaro ya buɗe ido ya tarar, zato yake haka Allah ya halicci duniya.

Da na girma na soma karɓar albashi, sai na ga gidan ubana ƙauyanci ne. Na sayi fili a sabuwar unguwa, na tarar da wata tsamiya a yammacinsa, na sa aka sare ta don kada ta tare wa masu wucewa ganin ginin da zan yi. Na tayar da bulo na siminti, na rufa kwano ba tare da silin kirki ba, na buɗe manyan tagogin gilashi suna duban faɗuwar rana, na shafe tsakar gida da siminti tun daga ƙofa har bayan ɗaki. Bazarar farko ba ta ƙare ba sai da na gane abin da na aikata. Na sayi fanka, fanka ta riƙa juya mana zafi; aka ɗauke wuta, na sayi inji; inji ya ce sai mai, mai ya ce sai kuɗi. A taƙaice, na sayi zafi da dukiyata, sa'an nan na koma ina sayen sanyi da abin da ya rage. Ranar da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta zo ganin gida, ta yi addu'a ta sa albarka, kana ta ce a shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar maƙwabcina. Da na nuna ban ji daɗi ba, sai ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, ai kai ka kori inuwarka, ni kuwa ba zan ƙi ta mutane ba.”

Maganar nan tata ita ce tushen duk abin da zan gaya muku. Ku sani fa, abin da masu ilmin zamani ke kira tattalin makamashi da kiyaye muhalli, malamanmu sun daɗe suna karantar da shi a babin hani ga israfi da almubazzaranci. Alƙur'ani mai girma ya halatta mana ci da sha, ya hana mu wuce iyaka, ya kuma danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, ya yi wanka da sa'i, wanda duk mai fitar da zakkar kono ya san ƙanƙantarsa. To, idan ibada kanta, wadda ita ce dalilin halittarmu, ba a yarda a ɓarnatar da ruwa dominta ba, ina hujjar wanda zai bar fitila tana ci da rana tsaka, ko ya ƙone damin itace don dafa abin da rabinsa zai dafa? Saboda haka ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce: kafin ka nemi ƙarin wuta, ka fara duba ta ina wadda kake da ita take zurarewa, gama mai zuba ruwa a tulu mai huda, ko kogi aka ba shi ba zai cika shi ba.

Mu fara da ginin kansa, tun da shi ne ba ya gyaruwa da sauƙi in ya ɓaci. Sirrin soron kakana, wanda sai daga baya na fahimta, shi ne bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, kamar yadda busasshiyar gona ke shan ruwan farko, ta yadda kafin zafin ya ratsa zuwa ciki rana ta riga ta faɗi, da dare kuma sai ya sake shi, ya wayi gari da sanyi. Kwano kuwa ba shi da wannan haƙuri: da rana ta taɓa shi sai ya miƙa wa na ƙarƙashinsa nan take. Maginanmu na dauri sun san wannan sarai. Ku je Zariya ku dubi Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ku ga yadda aka ɗaura bakan gizo da ƙasa da azara. Ku dubi Gidan Makama a Kano. Ku dubi hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda ita ma ƙasa ce da itace. Kada kuma ku ce wannan aikin mutanen da ne kaɗai, domin a shekarar 2018 aka kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a garin Dandaji na jihar Tawa, wanda Mariam Kamara, 'yar Nijar mai ilmin zanen gini, ta tsara tare da abokiyar aikinta, da jan bulo na ƙasar wurin aka gina shi, aka yi masa hanyoyin iska yadda ba ya bukatar na'urar sanyaya ɗaki.

Ba ina cewa ku koma ga tubali ido rufe ba, don na san gidan ƙasa yana da nasa sharaɗi: yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son indararo mai kai ruwa nesa da bango, wanda ya yi sakaci da waɗannan kuwa Agusta za ta yi masa hukunci, mun kuma sha jana'izar waɗanda gini ya faɗa wa. Abin da nake cewa shi ne ku haɗa hikimar da da ƙarfin yanzu. A yi harsashi da dutse da siminti ya ɗago sama da inda ruwa ke kwanciya, a ɗora jan bulo in da hali. A shimfiɗa ginin yadda dogayen bangayensa za su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma, saboda ranar la'asar ita ce mugunyar rana, bangon da ta daka shi ne ke hana barci. A yi tagogi biyu suna duban juna domin iska ta sami mashiga da mafita, a bar 'yar kafa can sama, tun da iska mai zafi sama take hawa. In kwano za a rufa, a ɗaga shi, a yi silin mai kauri, a bar rata tsakaninsu wadda iska za ta riƙa ratsawa, a zaɓi fari mai mayar da haske a bar baƙi da shuɗi mai duhu, ko da su ake yayi. A kuma fito da bakin rufin ya yi wa bango rumfa. Duk waɗannan, in an yi su tun ranar aza harsashi, kuɗinsu kaɗan ne. In kuwa an bari sai an tare, to, an zo fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan itace. Wanda ya dasa bishiya a yammacin ɗakinsa ya sayi fankar da ba a ɗauke mata wuta, hadisi kuma ya yi masa bushara da ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari. Mangwaro da lemun tsami da gwaiba suna ba da inuwa su ba da 'ya'ya. Zogale ba ya cin wuri, ga shi kuma miya. A dai nisanta manyan daga bango da bakin shadda saboda saiwa. Kada ku raina abin da hannun talaka zai iya a wannan babi. Bayan farin da aka yi a 1984, manoman ƙasar Maraɗi da Damagaram sun ɗauki dabarar barin kututturan gonakinsu su sake toho, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi, maimakon su tumɓuke su kamar yadda aka saba. Yau an ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta haka ta kai hekta miliyan biyar, galibinta da gawo, itacen nan mai abin al'ajabi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa. Mai haya ma yana da rabonsa: ya rataya asabari ko zana a wajen tagar yamma, ya shuka wake ko soso su hau rumfa, ya rufe tagogi da hantsi ya buɗe su bayan magariba.

Daga inuwa sai madafa, a nan kuwa da ku nake, 'ya'yana mata, amma kunnen mazanku nake so ya ji, tun da su ke cefane. Murhun duwatsu uku da muka gada, yawancin zafinsa iska yake ɗumamawa, abin da ke isa gindin tukunya bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai ko makamancin haka ba. Murhun da aka kewaye da laka, aka bar masa ƙofa ɗaya ta itace da mazaunin tukunya daidai gindinta, ko kuwa irin na ƙarfe mai cikin yumɓu da maƙera ke yi, yana rage cin itace da gawayi ragi mai yawa, mace mai hannu kuwa da kanta za ta iya gina na laka a yini guda. Ga kuma ƙananan dabaru da kakanninku suka sani: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da murfi mai kamawa, a faskara itace ƙanana a bar shi ya bushe, a haɗa kayan miya a gama kafin a hura wuta, a kashe garwashin da ya rage a adana shi. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a naɗe ta da tsohon bargo a sa cikin kwando a rufe, zafin da ke jikinta ya ƙarasa dahuwar. Kowane buhun gawayi da ya shigo gari, wata bishiya ce ta faɗi a daji, mu kuwa da hamada ke leƙo mu ta arewa ba mu da bishiyar da za mu yi kyauta da ita.

Akwai kuma maganar rai, wadda ta fi maganar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan uku a kowace shekara, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa, domin su ke gindin murhu, sau da yawa da goyo a baya. Saboda haka a yi wa madafa taga da mafitar hayaƙi, wanda Allah ya hore wa tukunyar gas ya saya wa iyalinsa, ya kuma koya musu rufe kanta bayan girki. Ina kuma gargaɗinku da babbar murya a kan abu biyu: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe don sanyin hunturu, kada kuma a tayar da inji a zaure ko a baranda ko kusa da tagar masu barci don tsoron ɓarawo. Dukansu biyu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci ne ya zarce; an sha wayar gari a fasa ƙofa a tarar da gida guda babu mai motsi.

Game da sanyaya ruwa da adana kayan miya, kada ku yi gaggawar raina randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, in iska ta busar da shi, yana tafiya da zafin abin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Da wannan hikima ce wani malamin makaranta a jihar Jigawa, marigayi Muhammad Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Gautan da kan lalace a kwana uku sai ya kai kusan mako huɗu, tumatir da tattasai su yi mako uku, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Da rani ta fi aiki, lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta. Mai firji kuma ya nisanta shi da bango da murhu, kada ya sa masa abinci da zafinsa, kada yara su mai da ƙofarsa abin wasa.

Yanzu ga lissafin wutar lantarki, ku ɗauki alƙalami. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, kashi tara cikin goma na wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, wato kana biya ne a ƙara maka gumi. Sabon ƙwai irin na LED mai wat 9 yana ba da haske kamar nasa. Gida mai ƙwai biyar da ke ci awa shida kullum, da tsofaffin zai sha yunit 54 a wata, da sababbin kuwa kimanin 8. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta a 2024, babu magidancin da zai ce wannan bambanci bai dame shi ba. Ku sani kuma duk na'urar da aikinta ɗumamawa ne ko sanyayawa, kamar dutsen guga da hita da na'urar sanyaya ɗaki, ita ce mai babban ciki. A tara guga a yi ta lokaci guda, a ɗora bokitin ruwan wanka a rana ta ɗumama shi kyauta, a kashe abin da ba a amfani da shi tun daga bango. Wanda kuma bai da mita, ko yake satar wuta, kada ya ce ba ruwansa da tattali, gama abin da ya ɓarnatar hakkin jama'a ne, Mai hisabi kuwa ba ya bukatar mita.

Sai bayan an yi duk wannan ne ya kamata a yi maganar sola, na kuwa jinkirta ta da gangan, domin na ga samari da yawa suna cin bashi su sayi faifai da batura masu yawa don su ciyar da gidan da bai san ƙoshi ba. Wanda ya rage bukatarsa tukuna, ƙaramin faifai zai ishe shi fitila da fanka da cajin waya. Rana dai Allah ya wadata ƙasarmu da ita, masananmu kuma sun daɗe da lura: Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na Nijar daga 1969, inda ya riƙa ƙera tukwanen ɗumama ruwa da na girki da hasken rana. In za ku saya, ku nemi mai sana'a na gaskiya ya lissafa muku, ku riƙa share ƙurar hunturu daga faifan, kada ku tsotse batir har ya mutu. In ya mutu kuma kada a fasa shi a cikin gida, saboda dalmar da ke cikinsa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara.

Ruwa da shara ba sai na tsawaita ba. Famfo mai ɗiga a gyara shi yau, a tari ruwan indararo da damina, ruwan alwala da na wankin shinkafa a bi da shi gindin shuka, a bar wani sashe na tsakar gida ba siminti domin ƙasa ta sha. Toka da ɓawo da kashin awaki taki ne. Manoman kewayen Kano sun yi zamanai suna shigowa birni da jakuna suna kwasar juji a mangala zuwa gonakinsu, shi ya sa ƙasar ta daɗe tana ciyar da jama'a mai yawa ba ta gaji ba. Abin da ya ɓata wannan tsari shi ne leda, wadda ba ta ruɓewa, tana toshe kwata ta jawo ambaliya, tana kashe tumaki in sun haɗiye ta, in an ƙone ta kuma ta cuci ƙirjin maƙwabta. Ku tafi kasuwa da kwando ko jaka, kamar yadda iyayenku suka yi ba su ji kunya ba.

Ni dai, shekarar da mahaifiyata ta rasu na fasa simintin yammacin gidana, na dasa tsamiya a gurbin wadda na sare, alhali na san tsamiya ba ta sauri, mai yiwuwa ne kuma ba ni zan more ta ba. Na yi shekaru ina ba ta ruwan alwalata, ina kare ta daga awaki da ƙaya. Bana da azumi na fito da la'asar na tarar da jikokina sun shimfiɗa tabarma a gindinta suna tilawa, inuwar kuwa ta kai har bangon ɗakin da ya hana ni barci shekarun baya; na tsaya na yi wa tsohuwa addu'a, na ce da ma tana nan a shimfiɗa mata tata. Ku da kuke da sauran ƙarfi da sauran lokaci, kada ku jira sai kun yi irin asarata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba ku gidaje masu albarka, ya sanya tattali a hannuwanku da wadar zuci a zukatanku, ya sa mu bar wa na baya ƙasa mai inuwa kamar yadda muka tarar, amin.